Tarihin Haɗa Kamfanonin Jiragen Sama, da Wanda ke Biyan Kuɗin

Mutumin Yawuri ba ya bukatar a yi masa bayanin jirgi. Tun kaka da kakanni Gungawa da Sarkawa da sauran mazauna bakin Kwara da jirgi su ke cin kasuwa, da shi su ke su, da shi su ke kai amarya. Sun kuma san wani abu wanda mutumin tudu bai cika sani ba, watau sayen jirgi daban, riƙonsa daban. Mutum uku su kan haɗa kuɗi a sassaƙa musu babban jirgi, su ɗaura masa inji, kowa yana murna. Ba a sanin ko tarayyar za ta ɗore sai ran da inji ya lalace, aka ce kowa ya kawo kasonsa na gyara. Ran nan ne ɗaya zai ce ai kayansa ba su kai na sauran nauyi ba, ɗaya kuwa ya ce a dakata masa sai ya sayar da albasa.

To, abin da ke samun jirgin ruwa shi ke samun jirgin sama. Tun 1946 a ke gardama a ƙasashenmu, shin a haɗa kamfanonin jiragen sama su zama ɗaya mai ƙarfi, ko kuwa kowa ya riƙe nasa? In za a haɗa kuma, wa zai zuba jari, wa zai ɗauki hasara? An haɗa an raba, an sake haɗawa an sake rabawa. Ga yadda abin ya gudana.

Zuwan jirgin sama

Ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen sama uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano. Cikin 1936 wani kamfanin Ingila mai suna Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu da fasinja daga Hartum zuwa Kano, daga baya ya miƙa har Ikko. Shi wannan kamfani bai daɗe ba Gwamnatin Ingila ta haɗa shi da wani, suka zama BOAC, wanda ya fara aiki cikin 1940.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, sai Turawa suka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a harhaɗa su can, su tashi su biyo ta Kano da Maiduguri su nufi Hartum da Masar. Saboda haka aka gyara filayen sauka masu yawa. Da yaƙi ya ƙare cikin 1945, ga filaye, ga matuƙan da aka sallama daga soja, sai aka tsaya shawarar yadda za a yi amfani da su.

Kamfanin ƙasashe huɗu

A lokacin nan Ingila tana mulkin ƙasashe huɗu a Afirka ta Yamma, su ne Nijeriya, da Gana wadda a ke kira Gold Coast, da Saliyo, da Gambiya. Aka duba aka ga ba wadda za ta iya riƙe kamfanin jirgin sama ita kaɗai, balle Gambiya da ba ta kai wani lardi namu yawan jama'a ba. Sai cikin 1946 aka kafa musu kamfani ɗaya, West African Airways Corporation, a kan taƙaita sunan a ce WAAC. Aka sa hedkwatarsa a Ikeja kusa da Ikko, ya fara tashi cikin 1947 da waɗansu ƙananan jirage da a ke kira Dove.

Ga yadda aka kasa jarin. In aka raba shi kashi ɗari, Nijeriya tana da kashi 68, Gana kashi 29 da rabi, Saliyo kashi 2, Gambiya rabin kashi. Bari mu mai da shi kuɗin wancan zamani, sa'ad da fam ɗaya ya ke sule 20, sule ɗaya kuma kwabo 12. Cikin kowane fam guda, Nijeriya ta ba da wajen sule 13 da kwabo 7, Gana sule 5 da kwabo 11, Saliyo kwabo 5, Gambiya kwabo 1. Da ya ke gwamnatocin nan su ne masu kamfanin, in an yi hasara baitulmalinsu ne ke cike giɓi.

Kamfanin ya yi aiki shekara goma sha ɗaya. Ya haɗa Ikko da Kano da Jos da Ankara da Firiton da Batas, watau Banjul ta yanzu. Cikin 1957 ya fara kai fasinja London da jirgin da ya ɗauka haya daga BOAC. Amma a lura da abin da ya riƙe tarayyar nan. Gwamnonin ƙasashen huɗu duk ofis ɗaya su ke yi wa biyayya a London, kuɗinsu kuma iri ɗaya ne. In an yi saɓani akwai mai tsawatawa. Ba a taɓa gwada ko mai kwabo ɗaya da mai sule 13 za su iya zama inuwa ɗaya don ra'in kansu ba.

Rabuwa

Ran 6 ga Maris 1957 Gana ta sami mulkin kai a ƙarƙashin Kwame Nkrumah. Sabuwar ƙasa kuwa tana son tutarta, da kuɗinta, da jirgin da zai sauka London ɗauke da sunanta. Cikin Yuli 1958 aka kafa Ghana Airways, Gwamnatin Gana tana da kashi 60, BOAC kashi 40. Da mai sule 5 da kwabo 11 ya zare hannunsa, sai aka rushe WAAC ran 30 ga Satumba 1958. Washegari sabon kamfanin Nijeriya ya fara aiki, shi ne aka sani da Nigeria Airways. Gwamnati ta riƙe kashi 51. Sauran kashi 49 aka raba uku, kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster ya ɗauki sulusi biyu, BOAC sulusi ɗaya. Cikin 1961 Nijeriya da Gana kowacce ta sayi hannun Turawan da ke kamfaninta, ta mallake shi duka.

Ba jirgin sama kaɗai aka raba ba a shekarun nan. An raba kuɗi, an raba rundunar soja, an raba kotun ɗaukaka ƙara. Abin da ya tsira shi ne hukumar jarrabawa, WAEC, wadda aka kafa cikin 1952. Mai karatu ya iya tambaya, me ya sa jarrabawa ta tsira jirgi bai tsira ba? A ganina dalili biyu ne. Takardar jarrabawa ba ta cin kuɗi kamar jirgi, ba kuwa wanda ke fenta tutar ƙasarsa a jikinta.

Maƙwabtanmu sun haɗa nasu

Abin mamaki, sa'ad da ƙasashen rainon Ingila ke rarrabuwa, na rainon Faransa haɗuwa su ke yi. Ran 28 ga Maris 1961 ƙasashe goma sha ɗaya suka sa hannu a Yawunde ta Kamaru, suka kafa Air Afrique, hedkwatarsa a Abijan. Jamhuriyar Nijar tana ciki, zamanin Shugaba Diori Hamani, haka ma Cadi da Dahomi da Sanagal. Kowace ƙasa ta ɗauki kashi 6, ya kama kashi 66 ke nan, sauran kashi 34 kuwa na kamfanonin Faransa ne. Nan ba babba ba ƙarami, an raba daidai wa daida.

Da fari abin ya yi kyau ƙwarai. Ƙasa kamar Nijar, wadda ba ta iya sayen babban jirgi ko ɗaya ba, sai ga shi ana tashi daga Yamai zuwa Faris. Amma ba a daɗe ba ciwon tarayya ya bayyana. Kowace ƙasa tana so a ɗauki 'ya'yanta aiki, ko akwai aikin ko babu. Kowace tana so babban jirgi ya sauka birninta, ko da fasinja ko babu. Mafi muni, gwamnatoci su kan aika ma'aikatansu tafiya a rubuta bashi, shekara ta zagayo ba a biya ba, ba kuwa mai ikon hana su hawa tun da su ne masu jirgin. Kamaru ta ga ba ta samun gwargwadon abin da ta ke so, ta fita cikin 1971 ta kafa nata. Gabon ma ta bi sawu.

Cikin Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Kamfanin yana karɓar kuɗin tikiti da sefa, bashin jiragensa kuwa da kuɗin waje ne, sai bashin ya ninka cikin dare ɗaya. Masu bin bashi suka ƙwace waɗansu jirage cikin 1998. Zuwa ƙarshe ma'aikata sun fi 4,000, jirage ba su kai goma ba. Cikin 2002 Air Afrique ya mutu, bayan shekara 41. Irin wannan ƙarshe ya sami East African Airways na Kenya da Uganda da Tanzaniya cikin 1977, da ƙasashen suka ɓata, kowacce tana zargin 'yar'uwarta da ƙin zuba kuɗi.

Wanda ya tsaya shi kaɗai fa?

Kada mai karatu ya ce to ashe rabuwa ta fi. Nigeria Airways bai yi tarayya da kowa ba bayan 1961, duk da haka cutar da ta kashe Air Afrique ita ta kama shi. A farkon shekarun 1980 yana da jirage wajen talatin, shi ke kwasar alhazai, shi ke zuwa London da Jidda da New York. An taɓa ba kamfanin KLM na Holan riƙonsa daga 1979 zuwa 1981 don a gyara. Amma yawan ma'aikata, da yawan canja shugabanni, da bashi, da sakaci da dukiyar jama'a, suka yi ta cinsa har ya daina tashi cikin 2003. Har zuwa 2018 Gwamnati tana biyan tsofaffin ma'aikatansa hakkinsu, bayan da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Ghana Airways ma ya tsaya cikin 2004.

Sai aka gwada wata hanya, watau tarayya da baƙo. Virgin Nigeria ya fara tashi cikin 2005, kamfanin Virgin Atlantic na Ingila yana da kashi 49, masu jari na gida kashi 51. Cikin 2008 aka yi rigima da Gwamnati a kan inda jiragensa na cikin gida za su riƙa tashi a filin Ikko. Baƙon ya janye sunansa, kamfanin ya canja suna sau biyu, ya rufe cikin 2012.

A tsakanin nan aka shiga shekarun baƙin ciki. Cikin 2005 jirgin Bellview da na Sosoliso suka faɗi. Ran 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah ya ji ƙansu. Gwamnati ta sa wa'adi zuwa 30 ga Afrilu 2007, ta ce kamfanin da ke tashi cikin gida ya nuna jarin naira miliyan 500, mai zuwa maƙwabta biliyan 1, mai ƙetare teku biliyan 2. Waɗansu sun sa rai ƙanana za su haɗu, kamar yadda bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. Ba a ga haka ba. Wanda ya iya ya cika kuɗin shi kaɗai, wanda ya kasa aka hana shi tashi. Kowa ya fi so a ce mai jirgi biyu ne nasa na kansa, da a ce yana da hannu cikin ashirin.

Daga baya bashi ya danne manyan kamfanoni biyu. Hukumar AMCON, wadda aka kafa cikin 2010 don karɓar basussukan da suka gagari bankuna, ta karɓi riƙon Aero Contractors cikin 2016, da Arik Air cikin 2017. A ɗaya gefen kuma Gwamnati ta yi shelar sabon kamfani, Nigeria Air, cikin 2018. Cikin 2022 aka ce kamfanin Habasha, Ethiopian Airlines, zai riƙe kashi 49, Gwamnati kashi 5, masu jari na gida kashi 46. Ƙungiyar masu jiragen gida ta kai ƙara, ta ce za a kashe musu kasuwa. Cikin Agusta 2024 Babbar Kotun Tarayya a Ikko ta soke cinikin. A shekarar nan kuma shugaban AMCON ya sake kawo shawarar a haɗa Arik da Aero su zama kamfanin ƙasa. Gardamar 1946 ta dawo ke nan da sabuwar riga.

Hujjar kowane ɓangare

Masu son haɗuwa suna da hujja mai ƙarfi. Su kan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jirgin sama da kayan gyaransa da inshorarsa duk da kuɗin waje a ke biya. Akwai kuma babban gyara wanda doka ta wajabta bayan ƙayyadadden lokaci, jirgi ya kan yi makonni a ƙasa ba ya kawo ko kwabo. Mai jirgi uku in ɗaya ya tafi gyara ya rasa sulusin cinikinsa, mai talatin kuwa ba ya ko ji. Babban kamfani yana iya gina wurin gyara nasa, ya koyar da matuƙa, ya sami rangwame wurin masu ƙera jirgi. Har wa yau ribar hanya mai cika, kamar Ikko zuwa Abuja, tana iya ɗaukar nauyin hanya mai ƙarancin fasinja, kamar ta Birnin Kebbi. Su kan kawo misalin SAS, wanda Suwidin da Danmak da Norwe suka haɗa tun 1946, ya yi fiye da shekara saba'in yana tashi.

Masu ƙi su ma ba su rasa ta cewa ba. Ta farko, in ka haɗa mai bashi da mai bashi, bashi ka ƙara, ba dukiya ba. Jirgin ruwa biyu masu yoyo in ka ɗaure su wuri ɗaya, tare za su nutse. Ta biyu, in kamfani ya zama shi kaɗai a kasuwa, kuɗin da ya ga dama shi zai yanka. Kogin nan namu ya taɓa ganin haka. Cikin 1879 wani Bature George Goldie ya haɗa kamfanonin Ingila da ke ciniki a ƙasan Kwara suka zama ɗaya, cikin 1884 ya saye na Faransawa, cikin 1886 ya zama Royal Niger Company. Masu jari sun huta da gasa, amma mai kawo manja bakin kogi ya wayi gari mai saye ɗaya ne, farashi ɗaya. Ta uku, in Gwamnati ce za ta cike giɓi, to kuɗin jama'a duka ne za a kashe don hidimar 'yan kaɗan masu hawan jirgi.

In muka auna tarihin da muka karanta, za mu ga kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. An haɗa an faɗi, an tsaya ɗaiɗai an faɗi. Ashe ba yawan masu jirgi ko ƙarancinsu ke kashe shi ba. Dubi kamfanin Habasha. Ya fara tashi cikin 1946, sa'an WAAC ne, na Gwamnati ne kuma ɗungum, ga shi ya zama mafi girma a Afirka. An san shi da cewa Gwamnatinsa ta kan bar ma'aikatansa su tafiyar da shi bisa ƙa'idar ciniki. Dubi kuma ASKY, wanda ya fara tashi daga Lome cikin 2010 don cike gurbin Air Afrique. Waɗanda suka kafa shi sun ɗauki darasi, jarinsa ya fito daga bankuna da 'yan kasuwa da kamfanin Habasha, ba a ba gwamnatoci goma sha ɗaya linzami ɗaya su yi ta ja ba.

Ina ruwan mutumin bakin tafki?

Wani manomi a Shanga ko masunci a Ngaski zai ce, ni da ban taɓa hawan jirgin sama ba, ina ruwana da wannan magana? Da ruwanka, ɗan'uwa. Kuɗin da aka biya bashin Nigeria Airways da su daga asusun ƙasa suka fito, asusun da za a gyara hanyar Yelwa zuwa Kwantagora da shi. In Allah ya nufe ka da aikin Hajji, ko ka tashi daga Birnin Kebbi ko daga Sakkwato, ƙarfin kamfanin da zai ɗauke ka da ingancin gyaran jirginsa sun shafi ranka da aljihunka.

Mutanen ƙasar nan kuwa sun san abin da a ke kira aikin ƙasa. Sa'ad da aka gina madatsar Kainji daga 1964 zuwa 1968, zamanin Sarkin Yawuri Muhammadu Tukur, ruwa ya cinye tsohuwar Busa da gungunan da Gungawa ke noma, aka ta da mutum fiye da 40,000 daga ƙasar Borgu da ta Yawuri. Sun ba da gonakinsu da kushewun iyayensu domin birane su sami lantarki. Jirgin da su ke hawa kuwa har yanzu na katako ne. Cikin Mayu 2021 wani jirgi da aka cika wa lodi ya nutse kusa da Wara ta ƙasar Ngaski, mutane da yawa suka halaka. Wanda ya biya irin wannan farashi yana da ikon tambaya kafin a sake zuba dukiyar ƙasa a wani jirgi.

Saboda haka duk ran da ka ji a rediyo ana shelar za a haɗa kamfani kaza da kaza, kada ka tsaya ga sunan da za a raɗa masa, ko launin da za a shafa wa jelarsa. Ka yi tambaya irin ta malamin baitulmali. Nawa a ke bin kowannensu, wa zai biya tsohon bashin kafin a ɗaura sabon aure? Sabon jarin daga aljihun wa zai fito, kuɗi ne a hannu ko alkawari? In an yi hasara wa zai ɗauka, an rubuta ko ba a rubuta ba? Wa zai riƙe littafin lissafi, za a kuma karanta shi a gaban jama'a kowace shekara? Babban ma'aikacin Gwamnati in zai hau, zai biya kuɗin tikiti a take, ko bashi za a rubuta?

Tambayoyin nan su ne dai waɗanda mutum uku ya kamata su yi wa juna a bakin Kwara tun ba a sare icen jirgi ba. In sun amsa su a gaban shaidu, aka rubuta, to su haɗa kuɗi, Allah ya sa albarka. In kuwa ɗaya ya ce a bar maganar sai an fara samun riba, gara kowa ya riƙe kwalekwalensa tukuna.

Allah ya ba shugabanninmu basirar riƙon amana, ya kiyaye matafiya na ruwa da na tudu da na sama, amin.